Rabin Gwangwanin Rifkatu

Ku yaran yanzu in kun wuce ta gaban teburina sai ku ce wai mai shayi ba ya aikin komai, ruwan zafi ne da sukari, sai ɗaga kofi sama ana tsiyayawa don a burge 'yan kallo. Akwai ma wanda ya ce mini in bai samu aikin ofis ba zai sayi buta ya kafa tebur kusa da nawa. Na ce masa bismillah, ƙasar Allah ce. Ya zo da butarsa sabuwa fil tana ƙyalli, kafin wata ya mutu ya tattara komatsansa, wai hayaƙi na sa shi mura. To tunda kun ce labari kuke so, ku gyara zama, amma kada wanda ya taɓa mini wuƙar burodi.

Ni mutumin Malumfashi ne, sunana Sale, sai dai a tashar Nyanya in ka ce Sale ba wanda zai nuna maka ni, sai ka ce Baba Mai Shayi. Kawuna Ɗanjuma ne ya kawo ni garin nan tun gemuna bai fito ba, kuma a hannunsa na koyi sana'ar. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai faɗan tsiya, amma ban taɓa jin an ce wani ya ci abin teburinsa ya wuni yana zarya bayan gida ba.

Wankin kofi shi ne aikina na farko, kuma na daɗe a kansa har na fara zaton Kawu ya manta cewa koyo na zo. Bokiti biyu ne, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, kuma ruwan ɗaurayar da zarar ya fara fari sai a zubar a nemo wani wurin 'yan garuwa. In na gama sai ya ɗauki kofi ɗaya, ba ya dubawa da ido, hancinsa yake sawa a ciki. Muddin ya ji ƙarnin ƙwai ko na madara, duka zai mayar mini cikin bokitin, har da waɗanda ba su yi laifin komai ba. Daga kofi aka kai ni hura gawayi, daga gawayi aka ba ni wuƙa. Kuna ganin yankan burodi kamar wasa, to ku gwada tsaga wanda ya fito daga gidan burodi da ɗuminsa ba tare da kun murƙushe shi ba. Buta kuwa ita ce ta ƙarshe, domin ganyen shayi in ya wuce lokacinsa a wuta ɗaci yake yi, in bai kai ba kuma direba zai ce ka ba shi ruwan wanka.

Tsiyayar nan da kuke yi wa dariya, ranar da na fara gwada ta rabin shayin a ƙafata ya ƙare, har yau ga tabon. Ba don ado ake yin ta ba. Mutumin da motarsa ta kusa cika ba shi da lokacin hura kofi, dole ka huce masa shi a iska, madara da sukari su haɗu, ya kai baki ya kurɓa ya tashi. Sannan sai ka san mutanenka. Direban doguwar hanya ruwan bunu yake so, ba madara, citta da kanumfari su ji. Ɗan kamasho mai kauri yake so, wanda cokali zai kusa tsayawa a ciki. Akwai wani ma'aikacin gwamnati da likita ya hana shi sukari, kullum sai ya ce in ƙara masa cokali ɗaya ba wanda zai sani, ni kuma in kaɗa cokalin a cikin gwangwanin sukari ya ji ƙara, in zuba masa iska. Ya sha ya ce yauwa, yanzu ya ji shayi.

Amma ba shayi ke jefa mai shayi cikin masifa ba, ruwan da ya tafasa ba ya cutar kowa. Abin da ke cikin gwangwani ne abin tsoro, musamman kifin nan da ake cewa sadin.

Sayen kifi Kawu bai taɓa aike ba, da ƙafarsa yake zuwa kasuwa ina biye da shi. Zai sa a farke katan a gabansa, mai shago na tsaki, shi kuwa ko a jikinsa. Ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukar gwangwanin, ya danna samansa da babban yatsa, ya juya ya danna ƙasa. Wanda ya kumbura, ko wanda in ka danna ya lotsa ya sake tasowa da ɗan ƙara, gefe. Wanda ya yi tsatsa a bakin murfi ko ya lotse a kusurwa, shi ma gefe, ko da kwanan watan da ke jikinsa bai ƙare ba. Ya ce mini rubutu mutum ne ya yi shi, kuma mutum na iya gogewa ya sake wani. Dokarsa ta biyu ita nake so ku riƙe. Madara in kwastoma ya saya ya sha rabi, kana iya toshe hudar da takarda ka ajiye masa zuwa an jima, kowa na yin haka. Kifi kuwa in an buɗe shi ba ya jiran kowa a zafin garin nan, tunda ba mu da firji ba mu da ƙanƙara. A buɗe, a ci, a jefar da gwangwani.

Haɗin ma yana da hanyarsa. Ka tsiyaye rabin man, ka juye kifin a faranti, ka farfasa shi da cokali mai yatsu har da ƙayar, domin ƙayarsa laushi gare ta, ba ta maƙale wa mutum. Albasa da attaruhu da ɗan tumatir su fara shan wuta a kasko, sannan kifin ya bi, ka juya shi har ya yi zafi ciki da waje. Sai ka tsaga burodi ka cusa, ka mayar kan kasko ka danne da bayan faranti ya ɗan gasu. Masu sammakon shiga gari su ne kwastomomin wannan, masu gadi da masu shara da direbobin manya, waɗanda dole su bar Nyanya kafin gosulo ya ɗinke hanya. In naɗe musu a takarda su ci a mota.

Shekarar da kaya suka yi tashin gwauron zabi ita ce ta kusa tashina daga tashar nan. Kawu ya riga ya rasu, tebur ya zama nawa. In ka je kasuwa yau, jibi ka koma sai ka ji wani farashi kamar ba garin ba. Mutumin da ya saba cin gwangwani guda ya koma cewa a ba shi rabi. To rabin da ya rage fa? Wasu abokan sana'a suka riƙa lanƙwasa murfin su tura ƙarƙashin tebur, ya wuni a nan ƙuda na kai masa ziyara, wani har ya kwana. Ga kuma wasu da suka ɓullo da manyan jakunkuna suna zagayawa da kifin araha, duk a lotse, ba ka san daga wane sito aka kwaso shi ba. Sun zo wurina na ce su ƙara gaba, araha ba ta ado. Kwastomomi suka gudu inda ake ba da rabi, na zauna ina korar ƙuda daga kan burodi, har uwargida ta fara cewa ko dai mu koma gida mu rungumi noma.

Yunwa ce ta koya mini dabara. Wata safiya wani kwandasta ya ce rabi yake so, sai na ɗaga murya na ce wa ke son rabin kifi, ga abokin tarayya. Wani mai gadi ya ɗaga hannu. Na buɗe a gabansu, na raba a gabansu, kowa ya kama gabansa. Daga ranar abin ya zama al'adar teburina, duk mai son rabi sai ya jira abokin rabinsa, in babu ya sha shayi da burodi zalla. An sha rigima a kan wa aka ba wajen kai wa aka ba wutsiya, alhali kifin ko kai ba shi da shi. Wasu kuma suka saba da juna har ya zama in ɗaya ya riga zuwa sai ya zauna jiran ɗayan. Na taɓa haɗa wani fasto da wani ladan, suna musu suna cin gwangwani ɗaya har aka yi wa faston canjin wurin aiki.

A cikin wannan hali ne na san Rifkatu. 'Yar kudancin Kaduna ce, tana aikin shara da goge-goge a gidan wani oga a Maitama, mijinta Bitrus kuma yana gyaran fulawa a wani gidan a can. A da shayi kawai take sha a tsaye ta wuce. Da ta samu ciki sai komai ya ƙi zama mata, tuwo ya dawo, shinkafa ta dawo, ko ƙamshin miya ba ta son ji. Abu ɗaya cikinta ya yarda da shi, burodi da sadin mai attaruhu. Guda ya fi ƙarfinta, don haka na haɗa ta da Baba Ilu mai faci, wani tsoho da rumfarsa ke bakin tasha. A rumfar yake kwana, iyalinsa suna Tungan Maje, sai ƙarshen mako yake leƙa su. Yana kiranta 'yar rabina, ita kuma tana ce masa Baba na kifi. Kullum sai ya ce in ƙara mata daga nasa, wai ita su biyu ne da ɗan cikinta, shi kuwa shi kaɗai.

Wata rana Bitrus ya ja ni gefe. Yaro ne mai kunya, ba ya haɗa ido da babba. Ya gaya mini sau biyu Rifkatu na yin ɓari, na biyun ma cikin ya yi nisa har sun fara sayen kayan jariri, kuma wannan karon ko barcin kirki ba ya samu. Goggonsa da ke Mararaba ta ce akwai magani a cikin kifin gwangwani da ke zubar da ciki, sannan a gidan da Rifkatu ke aiki ta ji ana cewa kifin teku na taɓa ƙwaƙwalwar jariri. Na ce masa ni ba likita ba ne, abin da na sani lafiyar gwangwani, abin da ke tsakanin kifi da ɗan ciki kuwa sai ta tambaya a wurin awo. Da Rifkatu ta zo na gaya mata, ta ce za ta tambaya. Ranar awo ta zo ta wuce, na tuna mata, ta ce layi ya yi tsawo, malamar na sauri, kunya ta hana ta tsayar da ita a kan maganar kifi. Na ce to mu dakata har sai ta tambaya. Sai ta tsaya a gaban teburin, idonta ya ciko.

"Baba, in ban ci wannan ba, ba abin da zai shiga cikina har in dawo. Kana so in faɗi a gidan mutane?"

Na ɗauko gwangwani na ƙwala wa Baba Ilu kira.

Farkon damina aka yi wata iska da ruwa da rana tsaka, irin wadda ke kwashe rumfuna. Washegari na kafa tebur kamar kullum, na ware gwangwaninsu a gefe. Rana ta fito, ba Rifkatu ba Baba Ilu. Ina cikin soya wa wani direba ƙwai sai ga Bitrus da rigarsa ta jiya, idonsa jajur. Yaron da ba ya haɗa ido da ni ya zo ya daki teburina da hannu, gwangwanayen da na jera suka zube ƙasa, kofuna suka tarwatse.

"Ka kashe mini yaro! Kifinka ne. Tun jiya tana amai, jiki kamar wuta, bayanta yana ciwo irin na wancan karon."

Kun san tasha, kafin ka ce kwabo an taru. Aka rirriƙe shi yana kuka, yana cewa tana asibiti, Goggo ta ce dama ta faɗa ba a ji ba. Ni kuwa raina ya ɓaci, na ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, ai ba ita kaɗai ta ci gwangwanin jiya ba, a kira Baba Ilu kowa ya gan shi. Aka ruga rumfarsa, aka tarar da kwaɗo a ƙofa. Aka kira wayarsa, a kashe. Tsakiyar mako ne, kuma tun da na san shi bai taɓa rufe rumfa a tsakiyar mako ba. Sai wani ɗan kamasho ya ce ai shi ya gan shi jiya bayan ruwa ya ɗauke, a sunkuye, ya rungume cikinsa da hannu biyu, ya faɗa motar Zuba, hanyar gidansa, ko sallama bai yi wa kowa ba.

Wata mata daga baya ta ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Direban da nake soya wa ƙwai ya ture farantinsa a hankali. Wallahi na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba tun da na fara sana'a. Tebur katako ne, in ya tafi ya tafi. Ɗan cikin nan nake ji, da yarinyar da ta tsaya a gabana da hawaye na buɗe mata da hannuna.

Na kashe wuta, na rufe kaya da tamfol, na bar wa mai ƙosan da ke kusa da ni amana, na kama hanyar gidan Baba Ilu. Daga Nyanya zuwa Tungan Maje sai ka ratsa garin gaba ɗaya, ga gosulo, ga itatuwan da iska ta karya a hanya. A mota ba abin da nake yi sai juya gwangwanin jiya a raina. Na danna samansa? Na danna. Ƙasan fa? Na san na danna, amma da na ƙara tambayar kaina sai na ji ban tabbata ba. Da na buɗe shi ya yi huci? Kifin a ɗaure yake ko ya narke? Abin da hannuna ya saba yi ba tare da tunani ba, ranar na neme shi a kaina na rasa. Na yi ta salati har wanda ke kusa da ni a kujera ya tambaye ni ko rasuwa aka yi mini. Na ce masa ban sani ba tukuna.

Ban taɓa zuwa gidansa ba, da tambaya na kai, ina cewa gidan Ilu mai faci na Nyanya. Ina shan kwana na hango maza a tsaye cirko-cirko a ƙofar gidan, an fito da tabarmi da katifu waje. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai na ji ana buga guduma a sama. Na ɗaga kai, ga Baba Ilu a kan rufin ɗaki, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙusoshi a bakinsa, yana harar wani maƙwabcinsa da ya miƙo masa kwanon rufi a karkace. Ashe iskar jiya ce ta yaye masa rufi, ruwa ya jiƙa kayan ɗaki aka fito da su shanya. Da aka kira shi aka gaya masa, sai ya kwashi guduma da ƙullin ƙusa ya cusa cikin riga ya rungume, abin da ɗan kamasho ya gani ke nan. Wayar kuwa caji ne ya ƙare mata.

Ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu ya leƙo.

"Sale, lafiya? Wa ya mutu?"

"Cikinka fa, Baba Ilu?"

"Cikina yunwa yake ji. Ka zo mini da rabina?"

Na dafa bango ina dariya, mutane na kallona kamar wanda ya zautu. Da na gaya masa abin da ya faru bai ƙara buga ƙusa ko ɗaya ba. Ya sauko ya bar wa maƙwabta rufin a buɗe, ya zura riga ya ce mu tafi, ina amfanin kwano 'yar rabinsa na kwance.

Mun isa asibitin bayan la'asar. Bitrus na zaune a benci ya haɗa kai da gwiwa, Goggo na kusa da shi, wata doguwar tsohuwa mai kallabi, tana ganina ta kau da kai. Na tura Baba Ilu gaba kamar na kawo rago kasuwa, na ce ga wanda ya ci ɗayan rabin, ku dube shi da kyau, daga kan rufi na sauko da shi. Baba Ilu ya ɗaga riga ya bubbuga cikinsa. Goggo ta ce ai shi ba juna biyu gare shi ba, abin da bai kama namiji ba yana iya kama mai ciki. Gaskiya kuwa ta faɗa. Duk tafiyar da na sha gwangwanina kawai ta wanke, ba ta wanke kifin ba.

Hayaniyarmu ce ta fito da malamar asibitin, wata mace mai jiki da tabarau a kan hanci, ta ce nan ba tasha ba ce. Da ta ji abin da ake musu a kai sai ta dubi Bitrus ta tambaye shi ko ba tun ɗazu aka gaya masa sakamakon gwaji ba. Ashe an gaya masa, ruɗewa ce ta hana shi ji. Zazzaɓin cizon sauro ne, ya tarar da jikin ba jini sosai ya kwantar da ita. Ta tambaye shi ina gidan sauron da aka ba su a wurin awo, ya sunkuyar da kai, ashe yana nan a ledarsa, wai zafi ya hana su ɗaurawa. Ta wanke shi tas a gabanmu.

Sannan ta juyo kaina ta ce in gaya mata yadda nake haɗa kifin. Na zayyana mata tun daga danna gwangwani har zuwa kasko. Ta ce ba ta ga laifi a nan ba. Ta zauna kusa da Goggo ta yi mata bayani a tsanake, tana ce mata Mama. Ta ce maganar da aka ji a gidan oga tana da tushe, amma a kan manyan kifayen teku take, masu cin 'yan'uwansu, waɗanda ke daɗewa a ruwa suna tara wata guba a jikinsu, su ake hana mai ciki. Sadin ƙaramin kifi ne, ba ya cikinsu. Man jikinsa na taimakon ƙwaƙwalwar jariri, ƙayarsa mai laushi na ƙarfafa ƙashi, kuma dafaffe ne a cikin gwangwaninsa. Abin gudu shi ne ɗanyen kifi, da gwangwanin da ya kumbura, da wanda aka buɗe aka bari a zafi. Sai dai ta ce gishiri gare shi, don haka in daina ƙara mata gishiri da ɗanɗano, kuma kada ya zama shi kaɗai ne abincinta, ta riƙa hutawa wasu ranakun ta nemi wake da ganye. Goggo ta ce su a zamaninsu ba su san wannan ba. Malamar ta yi murmushi ta ce amma ai sun san sauro.

Baba Ilu ne ya yi tambayar da duk muka kasa yi.

"Malama, ɗan cikin fa?"

"Zuciyarsa na bugawa, na ji da kunnena. Amma zazzaɓin ya yi ƙarfi, ba zan yi muku alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Ku je ku yi addu'a, kowa da irin tasa."

Na koma tasha labari ya riga ni isa, kwastomomi suka dawo kamar ba su ne suka ture faranti ba. Mutumin tasha ke nan, ban riƙe kowa a zuciya ba. Amma hankalina bai kwanta ba. Rifkatu ta bar aiki, aka ce ta koma wurin Goggo a Mararaba ta huta. Bitrus kuma ya canza hanya, ta can ƙofar baya yake shiga mota, in ya hango ni ya sunkuyar da kai. Na san kunya ce, amma wata zuciyar na ce mini ko wani abu ne ya faru yake ɓoyewa. Sau da yawa na yi niyyar aikawa a tambayo, sai in fasa, ina gudun amsar. Baba Ilu ya ƙi karɓar sabon abokin rabi, ya koma shayi da burodi zalla, wai ba zai ci amanar 'yar rabinsa ba. Haka damina ta yi nisa, aka fara gasa sabuwar masara a bakin titi har ta wuce.

Wata safiya ina tsaka da aiki, benci cike, na hango Bitrus ya ratso tsakanin motoci ya nufo ni kai tsaye. Na dubi fuskarsa ban gane komai ba. Baba Ilu ya ajiye kofinsa. Yaron ya zo ya durƙusa a gaban tebur, gwiwa biyu a cikin taɓo.

"Baba, ka yafe mini. Ta sauka jiya. Mace ce, tana da ƙiba, kukanta har waje ana ji. Maman ma lafiya."

Baba Ilu ya yi kabbara, mai ƙosai ta rangaɗa guɗa, direbobi suka hau danna hon ba su ma san dalili ba. Na ce alhamdu lillahi, na miƙa hannu na ɗago shi. Na ajiye buta na zauna a bencin kwastomomi, abin da ban taɓa yi ba wuta na ci. Daɗi ya cika ni. Bitrus ya miƙe ya zagaya bayan teburina, ya ɗauki kofi ya tsiyaya ruwan shayi, ya antaya madara, ya kamfato sukari, ya miƙo mini da hannu biyu.

Sukari ya yi yawa, ganye bai ji ba, rabinsa ma ya zube a kan tebur. Na shanye tas, na miƙa masa kofin na ce ya ƙaro.